Lambar kira kyauta: wa ke biyan kuɗin?

Tambaya guda ta yi ta dawowa a cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, har na ga ya kamata a zauna a warware ta a rubuce. Masu saurare suna cewa: muna jin ana sanarwa wai a kira lamba kaza kyauta ne, to mu ma masu ƙaramar sana'a ba za mu iya samun irin wannan lamba ba, don masu saye su riƙa kiranmu ko babu kiredi a cikin salularsu? Wata hajiya mai saida kayan miya ta ce ita abin da ke kashe mata ciniki ke nan, mai saye yana son kaya amma ba shi da abin kira.

Amsa ita ce ana iya samu. Amma kafin mutum ya ɗaga ƙafa ya tafi kamfanin talho, ya kamata ya san abin da zai ɗauko wa kansa.

Wannan lamba ita ce ake kira numéro vert da Faransanci, wato koriyar lamba. Ba sabon abu ba ne a duniya, tun shekarar 1967 aka fara ta a Amurka da lambobi masu farawa da 800. A nan Nijar kowa ya san 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana, kuma a shekarar 2020, lokacin annobar korona, an yi ta shelar lamba 15. Duk waɗannan ana kiransu ba tare da an cire wa mutum ko dala ba. Daga nan ne jama'a da yawa suka ɗauka cewa kiran ba shi da kuɗi. Alhali kuwa yana da kuɗi, mai biya ne kawai ya sauya. A lambar gaggawa hukuma da kamfanoni suka ɗauki nauyi. A lambar ɗan kasuwa kuwa, mai lambar shi ke biyan kowane minti da aka yi ana magana, ko an saya ko ba a saya ba.

To bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ƙaddara minti guda dala 10 ne, misali kawai. Mu ce mutum 30 suka kira a yini, kowa ya yi minti 2. Minti 60 ke nan, jaka 3 a yini, jaka 90 a wata, ban da kuɗin buɗe lambar da na ajiyarta duk wata. Idan ribar mai saida hatsi dala 100 ce a buhu, sai ya saida buhu 180 kafin ya fitar da kuɗin talho kaɗai. Ita kuwa mai awo da tiya a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, ai uwar kuɗin ce za ta tafi.

Kuma mu ƴan rediyo mun san halin jama'armu da talho. Idan muka buɗe layi a cikin shiri, duk da cewa da kuɗinsa mutum ke kira, sai ya gaida mutanen gidansu da na unguwarsu da abokansa na garka kafin ya shiga maganar da ake yi. To ina ga an ce kyauta ne? Yara za su kira don wasa, wani zai kira ya tambayi farashi sau uku a yini bai sayi komai ba, wani kuma abokin hamayya ne yake son ya ji nawa kake saidawa. Dukansu kai za ka biya musu.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ƙasarmu tana da kamfanonin salula huɗu: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Lambar da ka buɗe a kamfani guda ba lalle ba ne masu sauran layukan su same ta kyauta, sai an rubuta haka a cikin yarjejeniyar, kuma hakan na iya ƙara kuɗi. Na biyu, a bisa al'ada irin wannan lamba ba ta aiki daga ƙasar waje. Ɗan kasuwar Maraɗi da masu sayensa ke Jibiya da Katsina da Kano, ko mai albasa a Galmi da ke hulɗa da Kwatano da Akara, ita wannan lamba ba za ta haɗa shi da manyan abokan cinikinsa ba.

Wannan ba yana nufin ba ta da amfani. Tana da shi ga wanda kira guda ke kawo masa babban ciniki, ko wanda dole ne ya saurari koken jama'a: kamfanin motocin safara, asibiti mai zaman kansa, asusun ba da bashi, babban dillali mai rarraba kaya jiha-jiha. Ƙungiyar ƴan kasuwa ma tana iya haɗa kuɗi ta buɗe guda, domin sanar da gobara ko sata ko ƙorafi. Wanda ya ga yana cikin wannan sahu, to ya tafi ofishin kamfani da kansa, sashen da ke kula da ma'aikatu, riƙe da takardun kasuwancinsa, rajista da lambar haraji ta NIF. Ya tambayi kuɗin buɗewa, da na wata, da na minti daga kowane layi. Ya nemi a sa masa iyaka ta yadda kuɗin ba za su wuce ƙarfinsa ba, da damar rufe lambar da dare. Ya sani kuma lambobin ƙasa suna hannun hukumar ARCEP ne, wadda ta gaji ARTP a shekarar 2018, ita ke rarraba su. Duk wanda ya tare ka a bakin kasuwa ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka koriyar lamba, ka riƙe aljihunka.

Sauran magana ita ce ta lambar da ba ta nuna gari. A ƙasashen Turai ƙananan ƴan kasuwa suna neman irin wannan lamba don kada a gane a ƙauye suke, ko don kada lambar ta ɓace idan sun tashi. Mu ma da muna da wannan matsala a zamanin talho na girke, wanda lambarsa ke tona garin mutum: 20 41 Maraɗi, 20 51 Damagaram, 20 61 Tawa. Idan ka bar gari ka bar lambarka. Amma tun da Celtel ya shigo a shekarar 2001 salula ta kashe wannan magana. Mai lamba 96 ko 90 ko 94, ko yana Katako a Yamai ko yana kasuwar Tasawa, lambarsa guda ce. Sunan kamfani ma ya sauya, Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, Orange ya koma Zamani bayan an saida shi a 2019, amma mutane suna nan da lambobinsu. Ashe abin da Bature ke biyan kuɗi ya samu, yana cikin aljihun kowa a nan.

Haka ma matsalar hajiya mai kayan miya, jama'a sun daɗe da samo maganinta: bip. Mai saye ya yi bip, mai kaya ya kira shi. Wannan ita ce koriyar lambar talaka, kuma ta fi ta kamfani abu guda, kai ke zaɓen wanda za ka kira da mintin da za ka yi. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ko wadda ba ta yi lakwal ba tana iya aika farashi da hoton kaya.

Inda ƴan kasuwarmu ke asara a gaskiya wani wuri ne daban. Mace ta shekara biyar tana ciniki da layin da aka yi wa rajista da sunan ɗanta ko yaron shagonta. Ranar da salula ta ɓace, ko yaron ya yi fushi ya tafi, ba ta da ikon karɓo lambar, masu saye kuma sun bi shi. Wani kuma yana sauya layi duk lokacin da aka yi garaɓasa, har jama'a su rasa wadda za su kira. Wani ya yi doguwar tafiya ya bar layi ba aiki har kamfani ya rufe shi ya ba wani.

Saboda haka shawara ita ce: a ware layi guda na sana'a daban da na gida, a yi masa rajista da katin shaidar mai sana'ar, a rubuta lambar a jikin shago da leda, a ƙara da cewa yi bip mu kira ka. A ware kuɗin kira duk mako kamar yadda ake ware na rumfa. Wanda aka yi wa bip kuma ya daure ya mayar da kira, don mai saye ba ya yin bip sau uku. Koriyar lamba a bar wa masu ƙarfinta, kowa ya yi rawa daidai da kiɗansa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.