Tambayar da Ta Fi Mita Muhimmanci a Kasuwar Motocin Khartoum

A Khartoum da Omdurman, kasuwar da ake cinikin motocin hannu ana kiranta dalala, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da dillali a Hausa. Abin da ya fi cika irin waɗannan kasuwanni shi ne ƙananan motocin Koriya ta Kudu: Atos, Click da Accent na Hyundai, sai Visto ta Kia. Sun yi yawa ne saboda ba su shan mai, kuma masana'antar Giad, wadda aka buɗe a kudancin Khartoum a shekarar 2000, ta daɗe tana harhaɗa Accent a cikin gida. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da direban haya duk a nan idonsu yake, kuma ga yawancinsu kuɗin motar tarin shekaru ne, ko kuma gudummawar ɗan'uwa da ke aiki a Saudiyya. Wanda ya yi kuskure sau ɗaya ba shi da na sake saye.

Al'adar mai saye ita ce ya duba fenti, ya leƙa mitar da ke ƙirga tafiya, ya saurari ƙarar injin. Wannan ma'auni dama can rauni gare shi, domin fenti ana sakewa, mita kuma ana mayar da ita baya. Tun daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, ma'aunin ya ƙara lalacewa. Tambayar da ta kamata a fara yi wa kowace mota a yau ita ce: ina ta kwana a cikin shekaru biyun da aka yi ana gwabzawa a babban birnin, kafin sojoji su sake karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025?

Amsa ta farko mai yiwuwa ita ce an sace ta. Kwasar motocin jama'a na cikin manyan ta'asar da aka yi wa mazauna birnin. An fitar da wasu zuwa Darfur da Chadi, wasu kuma an farke su an sayar da kayansu. Mota marar asali ba baƙuwa ba ce a Sudan. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, motocin fasa-ƙwauri sun riƙa shigowa ta Darfur ba takardar kwastan, har mutane suka laƙaba musu suna boko, aro daga sunan ƙungiyar Boko Haram. Mai nazarin Hausa zai yi murmushi a nan, domin masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa asalin ma'anar boko ita ce jabu ko yaudara, kamar a amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a ɗora a kan doki alhali ta gaskiyar tana wani wuri. Masu laƙabin ba su san haka ba, amma sun dace. Saboda haka kafin a buɗe bonet, sai a gwada lambar jikin mota, mai haruffa da alƙaluma 17, da wadda ke cikin takarda, a kuma tabbatar a ofishin 'yan sandan kula da ababan hawa cewa ba a shigar da ƙarar satarta ba. Motar da mai ita na gaskiya zai iya ganewa a bakin titi ba ta da aminci, ko da injinta sabo ne fil.

Amsa ta biyu ita ce ta fi yaudara: motar tana gida a ajiye, mai ita ya yi hijira zuwa Masar ko Port Sudan. Dillali zai yi alfahari da wannan, ya ce ai ba ta wahala ba. Alhali kuwa zaman wuri ɗaya yana cinye mota fiye da tafiya, musamman a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni. Fetur da ya kwana biyu a tanki yakan yi danƙo ya toshe hanyoyinsa. Man birki yana jan raɓa. Duk wani abu na roba, daga tiyon lagireto har zuwa bel ɗin da kanikawa ke kira tayimin, yana bushewa ya tsattsage ko da motar ba ta motsa ba, kuma idan wannan bel ya tsinke ana cikin tafiya yana iya jawo aikin injin gaba ɗaya. Ɓeraye kuma suna da nasu rabon a cikin wayoyi. Taya ma tana faɗin shekarunta ga wanda ya iya karatu: alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, don haka tayar da zanenta bai ci ba tana iya zama tsohuwa tukuf.

Sai kuma abin da ƙasar kanta ke yi wa ƙarfe. Guguwar ƙura da ake kira habub takan rufe birnin, kuma ƙurar da ta tsallake matatar iska yashi ce a cikin injin. Shi ya sa ya fi kyau a je wa mota da sassafe, kafin mai ita ya tayar da ita, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye aibinsa. Hayaƙi shuɗi daga salansa alama ce ta cewa tana ƙona baƙin mai. Idan aka buɗe murfin baƙin man aka ga kumfa mai launin shayi da madara, to ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kuma galibi motar ta taɓa yin zafi har ta tafasa. Gwajin da ya fi kowane ba gudu ba ne a titin da babu kowa. A tsayar da ita cikin cunkoson hawa gada tsakanin Omdurman da Khartoum, da na'urar sanyi a kunne, a zuba wa allurar zafi ido.

Wasu za su ce wannan tsanani ya yi yawa ga mutumin da ya dawo ya tarar da gidansa wayam, yana neman abin da zai fara haya da shi gobe. Hujjarsu tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa babu motar shekara goma sha biyar da za ta tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje. Amma aibi iri-iri ne. Batir da taya da tiyo kuɗinsu sananne ne, ana iya cire shi daga farashi a wurin ciniki. Kayan Atos da Accent kuwa kanikawan unguwar masana'antu ta Omdurman sun san su kamar yunwar cikinsu, abin da ya sa tsohuwar motar da kowa ya sani ta fi wata kyakkyawa da za a jira kayanta daga Dubai. Abubuwa biyu ne kawai ba su da ragi: injin da ya taɓa tafasa, da lambar jiki da aka goge aka sake bugawa. Makaniken da zai duba su kuma ya zama mai saye ne ya zo da shi, ya biya shi daga aljihunsa, ba wanda dillali ya nuna da yatsa ba.