Faifai Ɗaya Tal da Gaggawar Masu Jari

A wannan birni na Dubai, inda ɗan kasuwar Deira ba ya ƙaunar hajar da ta kwana biyu a shago, abin al'ajabi ne a ce faifan garmaho, wanda muka ɗauka zamaninsa ya shuɗe, ya sake samun masoya, har aka buɗe masa kanti na musamman mai suna The Flip Side a Alserkal Avenue cikin 2017. Wannan ne ya sa na ga dacewar mu yi nazarin ƙissar wasu mawaƙa bakwai na Amurka, The Millennium, waɗanda kasuwa ta yanke wa hukunci cikin gaggawa, alhali kuwa, a ra'ayina, ba ta yi musu adalci ba.

Jagoransu, Curt Boettcher, saurayi ne da Allah ya hore wa baiwar tsara muryoyi, domin tun a 1966 shi ya shirya wa ƙungiyar The Association waƙar Cherish, wadda ta zo ta ɗaya a Amurka. Salon nasu, irin na Kalifoniya a wancan zamani, mai fara'a ne da taushi, ana ɗora murya bisa murya cikin natsuwa, kamar yadda maɗinki ke jera zare a aska takwas, har mai sauraro ya kasa rarrabe ta wane da ta wane. Da kamfanin Columbia ya hango riba, sai ya sakar musu bakin aljihu. Suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Los Angeles tare da Keith Olsen, suka haɗa na'urori biyu masu layi takwas-takwas don su sami goma sha shida, abin da ba a saba ba a lokacin, har ana cewa faifan nasu, Begin, shi ne mafi tsada da kamfanin ya taɓa yi zuwa wancan lokaci.

Sai dai ya fito cikin 1968, shekarar da yaƙin Biyetnam ya tsananta, aka kashe Martin Luther King a watan Afrilu, aka kashe Robert Kennedy a watan Yuni, kuma matasa, da yake zukatansu sun ƙuntata, kunnuwansu sun karkata ga jita mai tsawa. Faifai bai sayu ba. Kamfani ya janye hannu, ƙungiya ta watse ba ta fitar da na biyu ba.

Mas'alar da ta dame ni ita ce ta haƙuri. Mu da muka tashi da jin Narambaɗa mun san abin da inuwar Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu, ta yi masa. Kuma ko da yake ban jahilci cewa ubangida yakan ɗaure harshen makaɗinsa ga yabo ba, haƙiƙa yana ba shi abin da fasaha ta fi bukata, wato shekarun da za ta nuna a cikinsu, ba a kore shi don waƙa guda ba ta karɓu ba. Mai jari kuwa, komai kyakkyawar niyyarsa, lissafi ne limaminsa, kuma lissafi ba ya jiran mutane su huce daga baƙin ciki kafin su saurari abu mai daɗi.

Hujjata ita ce, hannun Olsen ɗin nan da ya yi Begin, shi ne ya shirya wa ƙungiyar Fleetwood Mac faifansu na 1975, wanda aka saye miliyoyinsa. Boettcher ya rasu cikin 1987 yana da shekara 43. Columbia ba ta sake buga Begin a faifan CD ba sai 1990, sa'an nan ma'abota kiɗa, musamman na Japan, suka ɗaukaka shi suna nemansa ruwa a jallo.