Wasa Ƙwaƙwalwa: Wa Zai Zauna Kusa Da Wa?

Duk wanda aka taɓa ɗora wa nauyin shirya wa baƙi wurin zama a wani biki ko taro a Kafanchan ya san ɗaukar kujeru shi ne mafi sauƙi cikin aikin. Wahalar tana wajen jera mutanen. Suruki ba ya son a haɗa kafaɗarsa da ta mijin 'yarsa, dattijo ba ya zama bayan yaro, masu jiƙaƙƙa kuwa ba a kusanta su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharaɗi ne, idan kuwa sharuɗɗa suka taru, to, al'amarin ya zama lissafi, ko da babu ƙidaya a cikinsa. A kan wannan irin lissafi filin zai tsaya a wannan mako.

Wasa ƙwaƙwalwa mai sharaɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yara da yawa sun taso da labarin mutumin da ya zo bakin kogi da kura da akuya da rogo, ga shi kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda. Idan ya bar kura da akuya, an yi ɓarna. Idan ya bar akuya da rogo, haka nan. Sai ya ƙetare sau 7 kafin ya gama, asirin kuwa shi ne ya yarda ya komo da akuyar da ya riga ya ƙetarar. Turawa ma suna da irinsa, da kyarkeci da akuya da kabeji, cikin wani littafin lissafi na wajen shekara ta 800 wanda ake danganta shi ga Alkuwin, malamin fadar Sarki Sharlaman.

To, ga wani na zaman benci. A ce ana bikin aure a wata unguwa ta Kafanchan, an ajiye benci mai cin mutum biyar, wurin zama na 1 yana bakin ƙofa, na 5 yana can ƙurya. Baƙin su ne Direban jirgin ƙasa, da Manomin citta daga Kwoi, da Tela, da Malamin makaranta, da Maƙeri. Mai gida ya gindaya sharuɗɗa biyar.

Na ɗaya, Direba zai zauna a ɗaya daga cikin bakin bencin biyu, don ana iya kiransa tasha. Na biyu, Maƙeri zai zauna dab da Direba, saboda ƙarar guduma ta taɓa masa kunne, abokinsa ne ke maimaita masa abin da aka ce. Na uku, Tela yana auren 'yar Manomi, ba za su zauna kusa da juna ba. Na huɗu, idan Direba ya zauna bakin ƙofa, to, tilas Malami ya zauna a ƙurya, domin can aka ajiye littafin gudummawa, su biyun nan kuwa aka amince wa riƙe shi. Na biyar, Manomi zai fi Tela kusa da ƙofa.

Mai gaggawa zai fara zaunar da mutane yana tayar da su har abinci ya huce, dalili kuwa mutum biyar suna iya jeruwa a benci ta hanya 120. Mai dabara kuwa sai ya fara da sharaɗin da ya fi ɗaure hannu. Da an ce Direba yana baki, hanyoyin sun ragu zuwa 48. Da an manna masa Maƙeri, saura 12. Yanzu mutum uku suka rage, da wuri uku a jere, tun da kuwa ba a son Manomi da Tela su haɗu, babu makawa Malami ne zai shiga tsakaninsu. Saura hanya 4 ke nan.

Sa'an nan sai a gwada. A ce Direba yana na 1, Maƙeri yana na 2. Raba surukai ya tilasta wa Malami zama a na 4, alhali sharaɗi na huɗu ya ce sai dai ya zauna a na 5. Mutum ɗaya ba ya zama wuri biyu, saboda haka wannan zato ya rushe, Direba yana ƙurya, Maƙeri yana na 4. Sharaɗi na biyar ya yanke sauran: Manomi na 1, Malami na 2, Tela na 3. Daga 120 an dawo hanya ɗaya tak, ba tare da an tayar da kowa ba.

A sharaɗi na huɗu ne yawancin mutane kan yi tuntuɓe, ya kamata kuwa a duba shi da kyau. Cewa aka yi idan Direba yana ƙofa, Malami yana ƙurya. Maganar ta tabbatar da abu biyu kaɗai: in an ga Direba a ƙofa, an san inda Malami yake, in kuma an ga Malami ba ya ƙurya, an san Direba ba ya ƙofa. Amma wanda ya hangi Malami a ƙurya ya ce lalle Direba yana ƙofa, ya juya maganar, ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Idan an yi ruwan sama ƙasa takan jiƙe, amma ganin damshi a ƙofar gida bai isa shaidar ruwan sama ba, wataƙila ruwan wanki aka zubar.

Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan a cikin ilmin Manɗiƙi, inda ake koyon bambancin abin da ke lazimta da abin da aka lazimta. Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya yi wallafa a kan wannan fanni, har ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar yana kare halascin koyonsa. Ashe abin da ake yi da benci a wasa, shi manya suka ɗauka ma'aunin tunani.

Kafanchan kuwa gari ne da ya girma a kan irin wannan tunani. Cikin 1927 ne ya zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. A zamanin da reluwe ke ganiyarta, ma'aikatan da ke jera taragu a tashar suna warware wasa ƙwaƙwalwa kullum don neman abinci. Tarago ba ya tsallake tarago. Wanda za a fara yankewa a tasha ta gaba tilas a sa shi inda za a cire shi ba tare da wargaza sauran ba, idan kuwa jiragen biyu za su yi kiciɓis a kan layi ɗaya, sai an san tun da wuri wanda zai raɓe ya ba wani hanya. Kuskure a nan ba dariya yake jawowa ba. Reluwen nan ce kuma ta tara Ibo da Yarbawa da sauran baƙi a kan Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Hausawa da Fulani, aka kuma mai da hedkwatar masarautar Jama'a garin cikin 1933. Wanda zai shirya zama a irin wannan gari yana da sharuɗɗan da suka fi biyar nesa ba kusa ba.

A koma ga bencin nan. A ce Tela ya tashi ya ce shi ma yana da sharaɗi, ba zai zauna kusa da Maƙeri ba, don akwai bashi tsakaninsu. An riga an ga hanya ɗaya ce ta cika sharuɗɗa biyar na farko, a cikinta kuwa Tela yana dab da Maƙeri. Saboda haka da sharaɗi na shida babu amsa sam, ko da za a kwana ana gwadawa. Gano cewa babu amsa shi ma ilmi ne, don yana hana ɓata lokaci da zargin mai shiri da son kai. Abin da ya rage shi ne a nemi sharaɗin da sassauta shi ya fi arha. Idan Manomi ya haƙura da bakin ƙofa, sai a jera Tela, Malami, Manomi, Maƙeri, Direba, kowa ya sami biyan bukata. Komowa da akuya ke nan.

Masana lissafi sun bi wannan batu da nisa. Cikin 1891 wani Bafaranshe mai suna Édouard Lucas ya tambaya, ta hanya nawa za a zaunar da ma'aurata kewaye da tebur, namiji na bin mace, ba tare da miji ya kusanci matarsa ba? Idan gida biyu ne, ba ta yiwuwa ko kaɗan. Gida 3 suna da hanya 12, gida 4 suna da 96, gida 5 suna da 3,120, gida 6 kuwa 115,200. Sai cikin 1934 wani ɗan ƙasarsa, Jacques Touchard, ya fito da ƙa'idar ƙidaya su. Abin lura shi ne yawan jama'a a nan bai ƙuntata zama ba, buɗe hanyoyi ya yi.

Manyan ƙasashe ma sun sha wannan wahala. A ƙarshen 1968, sa'ad da za a fara shawarwarin tsai da yaƙin Biyetnam a Faris, an shafe makonni ana gardama a kan siffar tebur, ana kuwa ta mutuwa a fagen fama. Biyetnam ta Arewa tana son a ga ɓangare huɗu, don 'yan tawayen Kudu su zauna da matsayin kansu, gwamnatin Kudu kuwa ta ce ɓangare biyu ne kurum. Sharuɗɗan sun ci karo, sai aka sake teburin: aka kawo mai da'ira, aka ajiye ƙanana biyu masu kusurwa huɗu a gefensa suna fuskantar juna, ba tuta, ba allon suna. Mai son ganin huɗu ya ga huɗu, mai son ganin biyu ya ga biyu, aka zauna ran 25 ga Janairu, 1969. Tun kafin wannan, a taron Biyana na 1815, ƙasashen Turai sun kashe rigimar fifiko tsakanin jakadu masu daraja ɗaya da ƙa'ida guda, watau wanda ya riga sanar da isowarsa shi ke gaba.

Kudancin Jihar Kaduna yana da bukatar wannan hikima ƙwarai. A zamanin Turawa, ban da masarautar Jama'a, sarakunan Kagoro da Marwa da Jaba ne ke cin gashin kansu a yankin. Cikin 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta kafa masarautun Atyap da Bajju, a zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi kuma aka ƙara wasu da dama, har da ta Fantswam. Kowane sarki da darajar sandarsa, kowace al'umma kuma tana kallon inda aka ajiye kujerar nata. Ran 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Irin wannan taro ba ya yiwuwa sai an fara yarda da wanda zai zauna, da inda zai zauna. Mai shirya taro da ya rubuta ƙa'idarsa tun da wuri, ya sanar da kowa, ya bi ta ba sani ba sabo, ya toshe ƙofar ƙorafi tun ba a buɗe ta ba. Wanda aka nemi ya sassauta kuma ya tuna zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Akwai kuma abin da ya fi kujera nauyi. Juya sharaɗi, wanda a benci kuskuren wasa ne, a bakin jama'a makami ne. An ce wanda ya yi ɓarna ɗan ƙabila kaza ne, sai mai ji ya juya ta, ya ce duk ɗan ƙabila kaza maɓarnaci ne. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan cikin Maris 1987 bai tsaya a garin ba, cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, ya ci dukiya da rayukan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Yaron da ya saba tambayar abin da magana ta tabbatar da abin da ba ta tabbatar ba, da wuya a tunzura shi da jita-jita. Don haka ya kyautu malaman firamare da na sakandare su riƙa ware ɗan lokaci a mako don irin wannan wasa. Ba ya bukatar komai sai allo da alli, ko ma tsakuwa biyar a ƙasa.

Ga na wannan mako, daga tashar Kafanchan ta zamanin jirgin kwal. Za a jera taragu biyar bayan kan jirgi: na kwal, na citta, na shanu, na kananzir, da na gishiri. Na kananzir ba zai zama na 1 ko na 2 ba, saboda tartsatsi. Na citta ba zai kusanci na kananzir ba, kada ta ɗauki wari. Na shanu yana bin na gishiri dab da dab a baya. Na kwal ya fi na citta kusa da kan jirgi. Idan kuma na kwal yana gaban na gishiri, to, na shanu ba zai kusanci na kananzir ba. Yaya za a jera su?

Amsa ɗaya ce tak. Mai karatu ya yi hattara da sharaɗi na ƙarshe, kada ya ɗora masa abin da bai faɗa ba. Za a buga warwarar a fitowa ta gaba.