Funfunar Silin: Fenti Ba Ya Kashe Ta

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar ta yi daidai a zamanin soro, lokacin da digo ɗaya daga tsakanin azara ya isa ya tashi maigida tsakar dare, gari na wayewa ya aika a kira magini. Kafin faɗuwar ruwa kuma, duk gidan da ya san kansa a Daura yakan sabunta yaɓen rufi, a shafe shi da makuba, a share bakin indararo. Yau mun koma kwano da silin, tsakaninsu akwai wani sarari mai duhu da babu mai leƙawa. Ƙusa ɗaya ta saki, ko bututun tanki ya tsage, sai ruwa ya yi makonni yana jiƙa katako, mai ɗakin bai sani ba sai ranar da baƙin tabo ya bayyana a saman gadonsa.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fara jan hankalina shi ne sunan da muke ba wannan tabo. Idan ya fito a kan burodi ko kwantan tuwo, nan take mu ce funfuna ce, mu zubar. Idan ya fito a silin kuwa, sai mu ce "shatar ruwa" ko "datti", alhali dangin halitta ɗaya ne. Wanda ya kira abu datti, tsintsiya da fenti zai nema. Shi ya sa da Sallah ta gabato ake shafe wurin, a yi murna ɗaki ya yi fes, ita kuwa tana nan a ƙarƙashi. Hunturu ma yana taya mu ruɗin kai, domin iskarsa tana busar da tabon har a ɗauka ya mutu, amma ƙwayoyinta suna jure fari, da danshin watan Agusta ya dawo sai su farfaɗo.

Ba maganar kyan ɗaki kaɗai ba ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, da cututtukan numfashi, da tsanantar ciwon fuka. A Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak, mazaunin garin Rochdale, ya rasu a watan Disamba na 2020, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ne sanadi, bayan iyayensa sun sha kai ƙorafi. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025, ta ɗaure masu gidajen haya na al'umma su gyara cikin wa'adi. Mu a nan, yaro zai yi ta tari duk damina, a yi ta sayen magani a kemis ana cewa sanyi ne, babu mai ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa.

Gyaran kansa ba shi da wuya, tsarinsa ne muke juyawa. A fara toshe yoyon, domin duk abin da aka yi kafin haka asarar kuɗi ne. A buɗe tagogi, a cire falle ɗaya na silin iska ta ratsa, tunda abin da ya wuce kwana biyu a jiƙe ya zama gonar funfuna. Daɓen siminti ana wanke shi da ruwan omo a busar sarai, da takunkumi a hanci da safar hannu, yara da masu fuka kuma a fitar da su. Mai amfani da ruwan Hypo kada ya kuskura ya gauraya shi da sinadarin wanke masai, hayaƙinsu guba ne. Silin kwali da ya sha ruwa kuwa ba ya wankuwa, sai dai a cire a sa sabo. Wani abin lura: tsofaffin gidaje da dama silin asbestos gare su, kankare shi a bushe ya fi funfunar haɗari. Ni dai ban yarda da yayin rufe tabo da silin roba ba, domin ɓoye ɓarnar yake yi, katakon sama na ci gaba da ruɓewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne gidan haya. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo Daura zai kai kuka, maigida ya ce a bari sai kaka, ɗan haya kuma ya ƙi kashe kuɗinsa a rufin wani. Ra'ayina, yoyo da ɓarnarsa suna wuyan mai gida, a kuma rubuta hakan ƙarara a takardar haya tare da adadin kwanakin gyara, in ya saɓa ɗan haya ya gyara ya cire daga kuɗin shekara. Ƙananan hukumomin Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure suna da ma'aikatan duba-gari. A ƙara musu duba silin ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya a watan Mayu, tun hadari bai haɗo ba.