ZAUREN 'YAN MATA: Kafin A Yi Jere, A Ɗaga Kai A Dubi Rufi

Yau ba zancen kwalliya ko girki na zo muku da shi ba, zancen rufin ɗaki ne. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Kai Anti, ina ruwan mace da kwano da azara?" To ki saurara, domin idan ruwa ya tsuge da tsakar dare, maigida juyi kawai zai yi, ke ce za ki tashi kina jera roba da bokiti.

Abin da na lura da shi shi ne, idan dangin amarya suka je ganin ɗaki, fenti suke dubawa, su auna tagogi saboda labule, su ƙirga inda gado da kabet za su zauna. Da wuya ki ga wadda ta ɗaga kai sama. Ga shi yawancin bukukuwa da rani ake yinsu, lokacin da kowane rufi mutumin kirki ne. Sai watan Agusta ya kama, ruwa ya yi marka, sannan asiri ya tonu. Katifar da Baba ya sayar da gona ya saya ta jiƙe, kafet ya yi ɗoyi, zannuwan lefe su yi fumfuna a cikin akwati. Wallahi daga nan wasu ma'auratan suke fara faɗansu na farko.

Don haka ki roƙi gwaggo ko yayarki su tafi da namiji wanda ya san aiki, ko da kafintan unguwa ne. Ga abin da za su duba.

Idan rufin ƙasa ne, wato soro, kada ki raina shi. Ya fi kowanne sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu, kuma da irinsa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Sai dai yana son hidima. A duba azara, ta giginya ita ce mai ƙarko domin gara ba ta cika cinta ba. Idan azara ta lanƙwasa ko ƙasa tana zubowa, wannan ba yoyo kaɗai ba ne, rai ne a ciki, don jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, tana iya ruftowa kan masu barci. Duk shekara kafin ruwan fari a yi yaɓe, a shafa makuba, a cire ciyawar da ta tsiro a sama, a buɗe indararo.

Idan kwano ne, a shiga ɗakin da tsakar rana a rufe ƙofa da taga. In babu silin, duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi. In da silin, a nemi tabo mai kama da taswira, ko inda ya yi ciki ya sauko. Sabon fenti a silin kaɗai ma abin tambaya ne. Daga waje kuma, in kun ga an danne kwano da duwatsu ko tsohuwar taya, ku sani katakon ya ruɓe, ƙusa ba ta kamawa, iskar farkon damina za ta iya yaye shi dare ɗaya.

Wadda Allah Ya ba mai gina nasa, ki ba shi shawara cikin ladabi: "Yayana, a rage kuɗin fenti a ƙara a kwano." Bandir ɗaya falle 20 ne, amma ba duka suke ɗaya ba, mai arha sirara ne, ba ya jimawa yake tsatsa. Alminiyom ba ya tsatsa, kuma mai kaurin 0.55 ya fi mai 0.45 jure iska. A shafa wa katako maganin gara, a buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Shi kuwa dakin na siminti, in ba a ba shi gangare ba ruwa kwanciya yake, ya tsattsafo ta tsaga.

Hattara da tsohon silin asbestos. Idan ya karye, ƙurarsa tana jawo ciwon huhu har da kansa. Kada ki share ta a bushe, kada ki bar yara kusa, a kira masu aiki su kwashe.

Ku ma masu shirin kama shagon ɗinki ko na kitso, maganar ta shafe ku. Ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata shaddar mutane, keke ya yi tsatsa, in kuwa ya taɓa wayar lantarki, sai dai Allah Ya kiyaye gobara. Gida ne ko shago, kafin a biya kuɗin haya a yi magana da mai shi a gaban shaidu, a rubuta wanda gyaran rufi yake kansa.

'Yan makaranta kuma, ku fara koyo tun a gidan iyaye. Kin ga tabo a silin? Gaya wa Baba yau, kada ki jira gobe. Ganye ya toshe indararo? Sa yayanki ya hau ya cire. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai hankali ita ce ta sani tun kafin ta shiga, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba kowa miji nagari da ɗaki mai rufin asiri. Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.