Shin Ƙwallo Tana Tsayar Da Yaƙi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan darasin Sira wani ɗalibina ya tare ni da tambaya: "Malam, ashe ba Drogba ne ya tsayar da yaƙin ƙasarsu ba?" Na ga ya kyautu in ba da amsar a rubuce, domin na san ba shi kaɗai ne ke ɗauke da wannan zato ba.

Abin da ya faru shi ne, a watan Oktoba na 2005 Kwaddibuwa ta doke Sudan, ta sami gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko. Drogba da abokan wasansa suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai. Wannan aiki ne na kirki, ban raina shi ba. Amma sulhun bai zo ba sai a watan Maris na 2007, a Wagadugu, bayan Laurent Gbagbo da Guillaume Soro sun sa hannu a takarda. Shahararren wasan da aka buga a Buwake, hedkwatar 'yan tawaye, bayan sulhun ne aka yi shi, ba gabansa ba. Da rikicin zaɓe ya ɓarke a ƙarshen 2010, an kashe mutum kusan 3,000, alhali Drogba yana nan da ransa yana cin ƙwallaye.

Ya 'yan'uwa, wannan jerin shi ne abin lura: zaman lafiya ne ke haifar da wasa. Ku dubi Larabawan Jahiliyya. Kasuwar Ukaza, inda mawaƙa ke gasar fasaha kuma ƙabilu ke alfahari da juna, tana ci ne a cikin Zulƙida. Ba daɗin waƙa ne ya mayar da takubba kube ba. Alfarmar watanni huɗu ce, wato Zulƙida, Zulhajji, Muharram da Rajab, wadda suka gada daga addinin Annabi Ibrahim (AS), har mutum kan haɗu da wanda ya kashe mahaifinsa ya wuce shi. Suna tsoron abin da ya fi ƙarfinsu. Duk da haka, idan yaƙi ya yi musu daɗi sai su ɗage alfarmar wani wata zuwa wani, dabarar da Allah Ya yi tir da ita a aya ta 37 ta Suratut Tauba. To, idan haramcin da aka yi imani da shi ya sha irin wannan wayo, ina ga tsagaita wutar da babu mai tsoron keta ta?

Tun 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya take zartar da ƙudurin a tsagaita wuta lokacin wasannin Olamfik. A watan Agusta na 2008 ana bikin buɗe wasannin Beijing, Rasha da Jojiya suna ɓarin wuta. A 2022 an rufe wasannin hunturu ranar 20 ga Fabrairu, ranar 24 Rasha ta afka wa Yukiren, wa'adin tsagaitawar bai ma ƙare ba. A 2024 ana raba lambobin zinare a Faris, ana tono gawarwakin yara daga ɓaraguzan Gaza.

Kada a fahimce ni a baibai, ba haramta motsa jiki nake yi ba. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ya kuma sa an yi sukuwar dawaki a Madina. Wasa yana iya sanyaya zukatan da suka riga suka gaji da gaba. Abin da nake ji wa tsoro shi ne wata guda na shewa ya rufe mana kukan waɗanda ake kashewa, mu ɗauka duniya ta lafa don kawai talabijin ya juya fuska.

Ɗalibin nawa dai bai gamsu ba, ya ce zai kawo mini bidiyon ranar Asabar. Na ce ya haɗo da tarihin ranar da aka sa hannu a Wagadugu.

Wassalam.