Wayar hannu ta san sunan bishiya da Latin, amma ba ta san yadda ake kiranta a Zuru ba

Duk matashin da ke riƙe da wayar Android a Zuru zai iya yin wannan gwaji a yau. Ya fita bayan gari ta hanyar Dabai, ya tsaya gindin ɗorawa, ya buɗe Google Lens ko Pl@ntNet, ya ɗauki hoton ganye da 'ya'yanta. Idan sabis na da kyau, cikin 'yan daƙiƙu wayar za ta kawo masa suna, Parkia biglobosa, har da bayani da Turanci. Sai ya sake tambayarta yadda ake kiran wannan bishiya da C'lela, harshen da kakarsa ke yi masa magana da shi. Nan wayar za ta yi shiru, ko kuma, idan manhajar ƙirƙirarriyar basira ce, ta ƙago masa wata kalma da babu wanda ya taɓa jin ta a ƙasar Zuru.

Wannan giɓi ba laifin wayar ba ne. Waya ba ta san komai ba sai abin da mutane suka zuba a intanet, kuma sunayen tsirrai da dabbobi na harsunan Zuru, tare da amfanin da ake yi da su, mafi yawansu suna cikin kan tsofaffi ne, ba a rubuce ba, ba a naɗe ba. Babu wani kamfani a Amurka ko Sin da zai zo ya tattara su, domin babu riba a ciki. Idan za a yi aikin, matasan Zuru ne za su yi shi, kuma kayan aikin yana aljihunsu.

Harsunan da Hausa ke dannewa

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba. Mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, mutum ɗaya K'lela, harshensu kuma C'lela. A Fakai akwai masu magana da ut-Ma'in, wanda aka fi sani da Fakanci. Akwai Dukawa da Kambari, akwai kuma ƙananan harsuna irin su Gwamhi da Wuri. Masana harshe suna sa su duka a rukunin harsunan Kainji, kuma ba su da dangantaka ta asali da Hausa, wadda take cikin rukunin harsunan Chadi.

Akwai wata gaskiya da mai karanta Hausa ba zai so ji ba, amma dole a faɗe ta. Harshen da ke cinye waɗannan harsuna ba Turanci ba ne, Hausa ce. Da ita ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi a masallaci da coci da yawa, da ita ake kallon fim, da ita ake hira a WhatsApp. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, tana da Wikipedia tata, tana cikin Gboard. A 2024 Google ya ƙara harsuna 110 a lokaci guda, ciki har da Tibi da Fulatanci, amma C'lela da ut-Ma'in ba sa ciki. Yaron da ya tashi a cikin garin Zuru zai iya gaisawa da C'lela, ya yi cinikin kasuwa da ita, amma a tambaye shi sunayen ciyayi 20 da ke bayan gidansu sai ya koma Hausa, a Hausar ma bai fi ya kawo rabi ba.

Kalmomin daji su ke fara tafiya, saboda dalili mai sauƙi. Kalmar gaisuwa kullum ana buƙatarta. Sunan wani ɗan tsiro da ke fitowa a bakin rafi da farkon damina kuwa, sai wanda ke zuwa bakin rafin. A da, saurayin da ya yi golmo, wato noman da yake yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, ya san gona da daji kamar tafin hannunsa. Yanzu makaranta da aikin soja da neman kuɗi a birni sun raba matasa da gona. Rashin tsaro a Danko-Wasagu da Sakaba ya raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu. Masu gawayi da masu katako kuma suna rage bishiyoyin kansu. Madobiya ta sha sara don kai wa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Idan bishiya ta ɓace, sunanta ba ya daɗewa a baya.

Suna ba suna kaɗai ba ne

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tun da ga sunan Hausa, ga na Latin? Amsar ita ce suna jaka ce, ilimi ke cikinta. A duba Hausar kanta. Wanda ya san kalgo ya san ana yin igiya da ɓawonsa. Wanda ya san ɗorawa ya san garinta na sha, ƙwayarta kalwa ce da ake yin daddawa, makubarta kuma ana daɓe da ita. Wanda ya san sabara ya san ganyenta na shiga ruwan wankan jego. Bahaushe ya bambanta damo da guza, alhali a hoton waya baƙo zai ce ƙadangare ɗaya ne ya girma. Kowane harshe yana yanka dajinsa ta hanyarsa, kuma abin da manomin Fakai ya lura da shi a kan tudunsa ba lallai ne Bakano ya taɓa ganinsa ba.

An ma auna wannan. A 2021 masana biyu, Rodrigo Cámara-Leret da Jordi Bascompte, sun wallafa bincike a mujallar PNAS a kan harsuna 236 na Arewacin Amurka da yankin Amazon da New Guinea. Sun duba hanyoyi 12,495 na amfani da tsirrai wajen magani, suka gano cewa fiye da kashi 75 cikin 100 harshe ɗaya tak ne ya san kowannensu. Ma'ana, idan harshen ya mutu, maƙwabta ba su da kwafi. A yaren masu waya, fayil ne da ba a yi masa ajiya a ko'ina ba.

Darasi daga wani tsibiri

A tsibirin Tanna na ƙasar Vanuatu, can cikin tekun Pasifik, akwai wani harshe da ake kira Kwamera ko Nafe. Masu magana da shi ba su wuce 'yan dubbai ba, ba su kai mutanen unguwa ɗaya ta Zuru ba. Su ma suna da nasu babban harshen kasuwa, Bislama, da ke yi musu abin da Hausa ke yi wa C'lela. A 1986 masani Lamont Lindstrom ya wallafa ƙamus ɗin Kwamera a takarda. Daga baya mutanen yankin suka haɗa kai da masanin harshe K. David Harrison da masana tsirrai na Lambun Tsirrai na New York, aka samar da ƙamus mai magana a intanet. Mutum zai ga hoton tsiro ko kifi ko tsuntsu, ya latsa ya ji muryar ɗan ƙasa yana faɗin sunan, ya karanta abin da ake yi da shi: wannan na rufin ɗaki ne, wancan na magani, wancan idan ya yi fure lokacin shuka ya yi.

Abin lura shi ne kayan da aka yi aikin da su: kyamara, abin ɗaukar murya, da mutanen da suka yarda su bi tsofaffi daji. Biyun farko suna cikin kowace Tecno da Infinix da itel da ake sayarwa a kasuwar Zuru.

Ba daga sifili za a fara ba. Tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, wanda har yanzu ake dogaro da shi. P. G. Harris ya yi rubutu kan Dakarkari a 1938, Carl Hoffmann ya yi nazarin tsarin sunaye na harshen a 1967, Bulus Doro Rikoto ya jagoranci ƙamus na C'lela da Hausa da Turanci a farkon shekarun 2000, Rebecca Smith Paterson kuma ta yi aiki mai zurfi kan nahawun ut-Ma'in. Amma littafi ba ya magana. Harsunan nan suna da karin sauti da wasulan da haruffan Hausa ba sa ɗauka, don haka kalmar da aka rubuta ba murya rabinta kawai aka adana.

Yadda za a yi da wayar da ke hannu

Kowace kalma tana buƙatar abubuwa 5. Na farko, hotuna: bishiyar gaba ɗaya, ganye kusa, ɓawo, da fure ko 'ya'ya idan akwai. Na biyu, murya: tsoho ko tsohuwa su faɗi sunan sau 2 ko 3 a hankali, sannan su sa shi cikin jimla, a wurin da babu ƙarar babur ko janareta, wayar tana kamar taƙi ɗaya daga baki. Na uku, amfani: a bar su su yi bayani da harshensu, kada a katse su da Hausa, fassara ta biyo baya. Na huɗu, ƙauye da ranar da aka ɗauka, domin lafazin Dabai na iya bambanta da na Ribah. Na biyar, sunan Hausa da na Latin idan an tabbatar, a nan ne Pl@ntNet da iNaturalist ke da amfani.

Nauyin aikin ba shi da yawa. Muryar minti 1 ba ta cika wuce megabait 1 ba, ƙasa da abin da bidiyon TikTok guda ke ci. Matasa 50 da kowannensu zai kawo kalma 1 a mako za su tara 2,600 a shekara.

Inda ake yin kuskure shi ne wurin ajiya. Zauren WhatsApp wurin tattarawa ne, ba rumbu ba ne; ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. Akwai dandalin Living Dictionaries na cibiyar Living Tongues, kyauta ne, yana karɓar kalma da hoto da murya daga burauzar waya. Akwai Lingua Libre da ke tura muryoyi zuwa Wikimedia Commons. Ko ba komai, a ajiye kwafi a Google Drive, wani a katin memori a hannun mutum na daban. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, ita ta fi cancanta ta zama uwar wannan rumbu: ɗalibanta na buƙatar batun bincike, malamanta kuma za su iya tabbatar da sunayen kimiyya. Bikin Uhola, inda dattawan garuruwa ke haɗuwa bayan girbi, dama ce ta naɗar muryoyi da yawa a 'yan kwanaki.

Inda ya kamata a taka birki

Masu ɗari-ɗari da wannan aiki suna da hujja. Wani ilimin na gida ne, gadon mai magani ne da yake ci da iyalinsa da shi, wani kuma yana haɗe da al'adar da ba a buɗe wa kowa. Ba a naɗar muryar dattijo a ɓoye, kuma sai an gaya masa ƙarara cewa abin da aka ɗora a intanet duniya ce za ta ji. Abin da ya ce kada a fitar, a bar shi a rumbun iyali. Tarihi ya nuna tsoron ba na banza ba ne: mutanen San na kudancin Afirka sun daɗe suna cin tsiron hoodia don kashe yunwa, wata cibiyar bincike ta yi rajistar mallakar sinadarinsa ba da saninsu ba, sai a 2003 aka cimma yarjejeniyar raba amfani da su.

Haɗari na biyu ya fi kusa. Dandalin sada zumunta cike yake da masu cewa a dafa saiwar kaza a sha, ta warkar da ciwon suga da hawan jini a kwana 3. Ƙamus ba asibiti ba ne. A rubuta cewa mutanen wuri kaza suna amfani da tsiro kaza don abu kaza, a tsaya nan, ba awo, ba alkawari. Manhajar gane tsiro ma tana kuskure, kuma tsirrai masu guba da yawa suna kama da masu amfani.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru 10 na harsunan asali. Taro da jawabai za a yi su a manyan birane, amma tsohuwar da ta san sunan kowane ganyen miya a dajin Fakai ba za ta jira 2032 ba. Bahaushe ya ce da sanyin safiya ake kama fara. Jikanta da ke zaune kusa da ita yana latsa waya minti 5 kawai yake buƙata: ya ajiye hira, ya buɗe manhajar ɗaukar murya, ya nuna mata ganye, ya tambaye ta sunansa.